Raƙumi da Kaska

A ayarin masu tseren keke kowa da aikinsa. Akwai waɗanda ƙungiya ke ɗauka don su ci tsere, akwai kuma irina, da ake ɗauka don wancan ya samu ya ci. Ni ne mai komawa baya wajen motar ƙungiya in cusa gorunan ruwa a cikin riga, gaba da baya har wuya, in ratsa ayari in raba wa abokan aiki. Ni ne mai shiga gaban kyaftin ɗinmu in tare masa iska. In tayarsa ta yi faci in ba shi tawa, in tsaya a gefen titi ina jiran bakanike. Ga tsayi, ga ɗaukar ruwa, ga rashin ƙorafi. Ba a daɗe ba sunana na yanka ya ɓace, kowa Raƙumi yake ce mini, har Umma in ta sha'afa.

Na shekara goma sha wani abu a wannan aikin, ban taɓa zuwa na ɗaya ba. Ban kuma damu ba, ko in ce na koyi kada in damu.

Wanda bai taɓa tsere ba yana zaton tudu ne babban abokin gaban mai keke. Iska ce. Wanda ke gaba shi ke fasa ta da ƙirjinsa, na bayansa kuwa yana fake, yana tafiya da rabin wahala. Shi ya sa a wajenmu shan iska ba hutu ba ne. In ku kaɗan ne kuka balle daga ayari, ladabi shi ne kowa ya ja na ɗan lokaci, ya kaɗa gwiwar hannu, ya kauce, na biye da shi ya karɓa.

Mutum ɗaya ne na sani da wannan ladabin bai taɓa kama shi ba. Gajere ne, mai kaurin cinya, mai faɗin baki. Zai lafe a bayan tayarka tun safe, ka kaɗa gwiwar hannu har ta yi tsami, shi yana kallon gonaki. Sai an hango layin ƙarshe zai fito kamar an harbo shi, ya wuce ka, ya ɗaga hannu sama. Kaska ake ce masa, kuma ya ci tsere da dama a haka.

Mijin yayata ne.

Laifina ne ma suka haɗu. A shekarata ta farko muka balle ni da shi, na ja shi yini guda, ya wuce ni a bakin layi. Yaya ta zo kallo ranar. Ta ratsa 'yan jarida da lemarta a hannu, ta tsaya a gabansa ta wanke shi tas, ta ce ko kunya ba ya ji, babba da shi ya hau bayan yaro. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce hayaniya ta yi yawa bai ji da kyau ba, ko za ta ba shi lambar waya ta maimaita masa a natse. Kafin shekara ta zagayo yana zaune a falonmu, Umma na tura masa faranti tana cewa ya ƙara. Yanzu 'yan biyunsu mata har sun shiga makaranta.

Umma ta kafa doka a gidan: ba a maganar keke a kan tebur. Sai muka koma yin ta a kaikaice. In na miƙa masa ruwa ya ce, "Allah ya yi albarka, hannu ya saba." In an gama cin abinci na tashi kwashe kwanuka, in ce, "Yallaɓai zauna abinka, kada iska ta taɓa ka." Yaya ta harare mu duka biyun.

Bana ce shekarata ta ƙarshe, na riga na faɗa wa Koci, mai horar da mu. A babban tseren da ake yi zango-zango na kusan mako uku, sai aka yi dace zango ɗaya ya ratsa ta unguwarmu, ta bakin layinmu ma. Rana ce ta shimfiɗaɗɗiyar hanya, washegari kuma za a shiga duwatsu, don haka kowa so yake a tafi a hankali a adana ƙafa.

Ayari yana da dokokin da ba a rubuta ba. Ba a kai hari, wato a fizga a bar ayari, in mai rigar jagora, wanda ke kan gaba a lissafin tseren duka, ya tsaya kama ruwa. Ba a kai hari a wurin karɓar abinci. In kuma hanya ta bi ta ƙofar gidanku, kana iya neman izini a bar ka ka yi gaba, ka tsaya ka gaisa da naka, ka jira ayari ya iso ka shige. Wanda ake neman izinin a wurinsa shi ne Alƙali. Ba alƙalin tsere ba ne, ɗan tsere ne kamar kowa, sai dai ya fi mu daɗewa da nasara, kuma bana rigar jagora na jikinsa. Ba ya ɗaga murya. In ya ɗaga hannu, mutum fiye da ɗari su taka birki.

Na matsa kusa da shi na ce, "Ranka ya daɗe, gidanmu na gaba kaɗan. Tsohuwa ta fito."

"Na sani," in ji shi. "Je ka. Ka gaishe ta. Ka ce mata ɗanta ya shayar da rabin ayarin nan."

Ya ɗaga hannu, aka buɗe mini hanya. Na taka feda na yi gaba ni kaɗai, titi fayau, mutane na tafi. Ban yi nisa ba na ji wata sarƙa tana ƙara a bayana, ƙarar da ko a mafarki na ji zan gane.

"Ina za ka?" na ce, ban ko waiga ba.

"Gidan surukaina. Ko an hana?"

"To zo ka ja."

"Kai ne ɗan gida, kai ka san hanya."

Haka muka shiga unguwa, ina gaba yana baya. Mai walda ya rufe shago ya hau benci da yaransa. Mai kantin magani ta rataya zanin gado a baranda da zanen raƙumi a jiki, sai dai ya fi kama da akuya mai ƙari. A ƙofar gidan benenmu mai tsohon fenti shuɗi an fito wa Umma da kujerar falo saboda gwiwarta, Yaya na tsaye a kanta da 'yan biyu.

Muka jingine kekuna muka durƙusa, takalman tsere na zamewa a kan siminti. Umma ta kama fuskata da hannu biyu, hular kwano da gilashi da komai.

"Ka rame," ta ce. "Ba sa ba ku abinci?"

"Suna ba mu, Umma."

Ta cusa mini ayaba biyu a aljihun baya, ta cusa wa Kaska biyu, sannan ta riƙe hannunsa. "Baban 'yan biyu, ka kula mini da shi."

"Umma, kada ki damu," in ji shi, fuska a sake. "Kullum ina bayansa."

Yaya ta ce, "Ai matsalar ke nan."

Muna cikin dariya wani abu ja ya gifta mu kamar walƙiya. Ɗan tsere ne shi kaɗai, kai a ƙasa, yana zuba gudu. Umma ta bi shi da kallo.

"Wancan ɗan waye, da zai wuce ba sallama?"

Barkono ne. Matashi ne da ya shigo ayari bara, ƙarfi kamar doki, zuciya a kusa. Ya ga ayari ya sassauta saboda mu, wasu ma sun tsaya kama ruwa, sai ya ga ƙofa a buɗe ya fice.

Ayari ya iso yana guna-guni. Alƙali ya rage gudu a daidai inda muke, ya cire gilashi ya sunkuyar wa Umma da kai, sannan ya dube ni.

"Raƙumi, na ba ka aron titi, wani ya ɗauke. Yaron ba ya kusa da ni a lissafin lokaci, ba zan kashe mutanena a kansa ba. Je ka same shi, kada ya ci wannan zangon shi kaɗai."

Na hau keke. Rediyon da ke kunnena ya yi ƙara, muryar Koci ta fito daga mota. "Raƙumi, ina kuma za ka? Kyaftin zai buƙaci ruwa."

Kafin in amsa sai ga muryar Kyaftin da kansa. "Koci, bar shi. Yau ni zan ɗebo ruwana. Raƙumi, tafi, kada in ƙara ganin fuskarka sai a otal."

Na sunkuya na kama ƙasan kan keke na fara aikin da na iya. Ba ni da gudun fizga, amma in na daidaita feda zan iya riƙe ta a haka har rana ta faɗi. Muka fita daga gari, muka bi doguwar hanyar da ke gefen layin dogo, masana'antu a hagu, gonaki a dama. Ban tambaya ko Kaska na nan ba. Ina jin sa yana ɓare ayaba.

Mun daɗe kafin jar rigar ta bayyana a gaba, ƙarama kamar ɗigon jini, ta yi ta girma. Da muka cim masa, Kaska ya leƙo ta ƙarƙashin hannuna.

"Sannu da gudu, ɗan samari. Wani abu ne ya biyo ka?"

Barkono ya tofar da yawu gefe. "Ba a rubuta a littafin doka cewa in jira wani ya gama gaishe da tsohuwarsa ba."

"Gaskiyarka," in ji Kaska. "Ba a kuma rubuta cewa ranar da ka faɗi a jira ka ba. Kowa na faɗuwa, yaro. Ka bari ka gani."

Babur mai allo ya zo ya nuna mana tazara. Na duba, na sake dubawa. Mun bar ayari a baya da nisa ƙwarai, ba wanda ke kora. Kaska ya yi 'yar dariya.

"Ba sa zuwa. Yau mu uku ne."

Da farko ni da Barkono muka riƙa karɓa-karɓa. Yaron na da ƙarfi, in ya ja sai ka ji idonka na ruwa. Amma duk sanda ya kauce ya ga Kaska bai fito ba, sai ransa ya ƙara ɓaci. Can ya miƙe zaune a sirdi ya ce, "In wannan tsohon ba zai ja ba, ni ma na daina."

"Daidai," in ji Kaska. "Ka fara hankali."

Suka lafe a bayana su biyu. Ni kuwa na ci gaba da ja, don ban san wani abu ba. Gumi na ɗiga daga haɓata a kan ƙarfen keke, cinyoyina sun fara zafi. Ina lissafi irin na ma'aikaci: in na tsaya ayari zai kamo mu, wahalar ta tashi a banza.

Sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Tayar Kaska ta fito ta jera da tawa, fuskarsa a cikin iska.

"Ba ni ruwa," ya ce da ƙarfi, yadda Barkono zai ji. Na miƙa masa gora. Ya kurɓa, ya matso har kafaɗarmu na gogayya, ya rage murya. "Kai wane irin mutum ne? Daina ja."

"In na daina za a kamo mu."

"A kamo mu mana. Kai me za ka rasa? Ka taɓa ci ne? Ni na ci na gaji. Mutum ɗaya ne a nan yake mutuwar son wannan zangon, kuma ga shi can yana hutawa a bayanka." Ya mayar mini da gorar. "Ka ji ni da kyau, ƙanina. In ka kai ni bakin layi, wallahi zan wuce ka. Ba zan taka birki don kana ƙanin matata ba. Kada ka kai ni. Ci ayabar Umma."

Ya koma baya abinsa.

A duk shekarun da na yi a kan keke, ban taɓa yin abu mai wuya kamar daina taka feda ranar nan ba. Ƙafata ta ƙi. Sai da na miƙe zaune, na saki kan keke da hannu ɗaya, na zaro ayaba na fara ɓarewa. Gudunmu ya faɗi har na fara jin hirar 'yan kallo a gefen hanya.

"Raƙumi, lafiya?" in ji Koci a kunnena. "Ƙafa ce?"

"Lafiya lau, Koci. Karatu nake koya."

Sai ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ka makara, amma ci gaba."

Muka yi ta tafiya kamar masu zuwa kasuwa, mu uku a jere, ba mai kallon wani. Babur mai allo ya dawo, tazara ta ragu. Ya sake dawowa, ta ƙara raguwa. Na saci kallon Kaska, na ga yana gyara safar hannu yana fito. Na kalli Barkono, jijiyar wuyansa ta tashi, yana waiwaye, yana cizon leɓe.

Shi ya fara karaya. Ya yi wata ashar, ya sunkuya, ya wuce gaba ya fara ja da fushi. Na shige bayansa. Ashe haka bayan taya yake in ba kai ne za ka karɓa ba. Iska ta ɗauke, ƙafa na juyawa da kanta, numfashina ya dawo. Na waiga na ce wa Kaska, "Dama haka kake ji duk shekarun nan?"

"Ka ga laifina?" in ji shi.

Kafin garin da za a ƙare akwai tudu guda, ba dogo ba amma a tsaye yake. Barkono ya san in ya isa layi da Kaska ya sha kashi, don haka a gindin tudun ya miƙe tsaye a kan feda ya fizga. Nan da nan ya ba mu rata. Ban bi shi da fizga ba. Na zauna na riƙe tawa, ina matsowa kaɗan-kaɗan, kamar mai jan guga daga rijiya. A bayana Kaska na huci kamar zugazugi, tudu ba gonarsa ba ce. Da na ƙara kaɗan da na yar da shi a nan. Na yi tunanin hakan, sai kuma na tuna in na yar da shi, ni da Barkono za mu rage, yaron kuwa ya fi ni fizga nesa ba kusa ba. A karon farko a rayuwata ina buƙatar Kaska a bayana. Na riƙe gudun daidai inda zai iya.

A kan tudun muka cim ma Barkono. Ya waiga ya ga Kaska yana nan, fuska ta yi jawur amma yana nan. Daga lokacin bai ƙara kallona ba. Ni kaya ne, jaki mai tsawon ƙafa. Idonsa duk yana kan gajeren.

Muka gangaro cikin gari. Jama'a sun cika gefen titi suna dukan allunan talla, ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Muka haye gada, na leƙa ƙasa na hango ayari a ɗaya gefen kogin, dogo, mai launi-launi, yana tahowa da gaske yanzu. Su biyun sun rage gudu, suna zagaye juna da ido, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara.

Gab da kilomita ta ƙarshe akwai shataletale. Hanyar dama ta fi kusa. Barkono ya bi dama, kansa a juye yana kallon Kaska, Kaska na manne da shi. Ni na bi hagu. Ban miƙe tsaye ba, ban yi wani abin da zai ja ido ba. Na sauya giya zuwa mafi nauyi, na sunkuya, na zuba duk abin da ayabar Umma da hutun nan suka tara mini. Da hanyoyin suka sake haɗuwa ina gaba da tsawon mota biyu, sannan uku.

Abin da ya faru a bayana daga baya na ji shi, daga bakin Barkono da kansa. Ya ce ya ga na tafi, ya kaɗa wa Kaska gwiwar hannu. Kaska bai fito ba. Ya sake kaɗawa, ya yi ihu, "Bi shi mana! Zai tafi!" Kaska ya dube shi ya ce, "Yaro, tambayi kowa a ayarin nan. Shekara goma sha biyar ban ja wa uban kowa ba. Yau zan fara a kanka?" Barkono ya san in ya kora, Kaska zai hau bayansa ya wuce shi a layi. Ya tsaya yana auna wannan da wancan, kafin ya gama aunawa na yi nisa.

Ni ban san komai ba. Idona ya rufe, bakina ɗanɗanon ƙarfe, Koci na ihu a kunnena yana dukan ƙofar mota, ba na ma gane abin da yake faɗa. Ina ta jiran ƙarar sarƙar nan ta zo ta gefena kamar kullum. Ba ta zo ba. Na ga farin layi a ƙarƙashin tayata.

Sai a nan na tuna ban taɓa koyon ɗaga hannu ba. Na saki ɗaya, keken ya yi tangal-tangal, na yi maza na cafke. Hoton da jaridu suka buga washegari ya nuna wani dogon mutum da hannu ɗaya a sama, baki buɗe, kamar mai tsai da tasi.

Kaska ya zo na biyu, ya wuce Barkono da tsawon keke. Ayari ya shigo a bayansu kamar ambaliya. Ina zaune a ƙasa na jingina da shinge, mai tausar ƙungiyarmu na zuba mini ruwa a ka, sai 'yan tsere suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya, na ƙungiyarmu da na wasu, wannan ya dafa hulata, wancan ya ja kunnena. Kyaftin ya iso da goruna biyu a cikin riga, ya zaro ɗaya ya miƙa mini ya ce, "Wannan aikin naka ba daɗi." Alƙali ma ya tsaya ya ba ni hannu. Koci ya fito daga mota yana share ido yana cewa gumi ne.

Can gefe na hango ogan ƙungiyar su Kaska ya tsare shi yana faɗa, yana nuna ni, yana nuna layi. Kaska ya buɗe hannuwa yana cewa, "Oga, me na yi yau da ban saba yi ba?"

Washegari da safe kafin a tashi, Barkono ya zo bakin motarmu, hula a hannu. Ya ce ya riga ya je wurin Alƙali, shi ya turo shi. Ya ce in ba Umma haƙuri. Na ce ta riga ta yafe, amma ta ce in ya sake biyowa ta layinmu ya tsaya ya sha ruwa. Ya yi murmushi, a nan ya ba ni labarin gwiwar hannun, yana faɗa yana girgiza kai.

Na koma bakin aikina na ɗebo ruwa. Ana saura kwana kaɗan a gama, muna gangarowa daga dutse cikin ruwan sama, tayar Kaska ta zame a kwana. Mutum biyar suka zube tare, har da na hannun daman Alƙali. Barkono ne ke gaba a lokacin, yana da rata, kuma kafin Alƙali ya ɗaga hannu ya riga ya taka birki. Huɗu suka tashi suka hau. Kaska na zaune a kan kwalta ya riƙe kafaɗa. Na tsaya a kansa, ya ɗago ya ce, "Me kake kallo? Kyaftin ɗinka na can. Tafi." Ƙashin kafaɗarsa ne ya karye.

Na ƙarasa tseren a can ƙasan jeri, inda na saba. Ranar da na dawo gida, da la'asar, na wuce gidan su Kaska. Na same shi a falo, hannu a rataye, 'yan biyu sun saka masa bidiyon zangon nan, Yaya ta ce sun kalla har sun haddace.

"Dubi yadda kake lanƙwasa baya," in ji shi, ko gaisawa ba mu gama ba. "Kamar mai neman allura. Da wannan zaman ka ci tsere?"

Na zauna kusa da shi. Yaya ta kira yaran kicin. A talabijin ana nuna shataletalen, ga ni na bi hagu.

"Yaya," na ce. Ban taɓa kiransa haka ba sai ranar. "Tsakani da Allah. Da ka so, da ka kamo ni?"

Na zata zai yi wasa. Amma bai yi ba.

"Da yaron ya kora, da na hau bayansa," ya ce. "Da na wuce shi, na wuce ka, na ɗaga hannu, kuma ba zan ji kunya ba. Aikina ke nan. Ban ba ka komai ba, kada ka bari wani ya ce maka an ba ka. Kai ka ga ƙofar, kai ka shiga." Ya gyara majanyin da ke wuyansa. "Amma ina bayansa ina addu'a kada ya kora. Ban taɓa addu'a a kan keke irin ta ranar ba. In ka faɗa wa wani zan ƙaryata."

Na ce ba zan faɗa ba. Ya ce in miƙo masa shayinsa, kuma in daina yi masa wannan kallon.

Yaya ta leƙo da sifana a hannu. Ta ce tun watan jiya yaran ke damun ta a cire musu ƙananan tayoyin koyo daga kekunansu, ubansu ya yi alkawari, ga shi ya dawo da hannu ɗaya. Na karɓi sifanar muka sauka tsakar gida. Na kwance tayoyin na jera a gindin bango. Babbar ta ce ita sai gobe. Ƙaramar ta haye ba ta ko tambaya ba, na riƙe mata sirdi ta baya, ta fara taka feda ina binta a guje a sunkuye, mu je bango mu dawo.

Taga ta buɗe a sama. Kaska ya leƙo da hannunsa a rataye.

"Kai, Raƙumi! Ta iya fa! Sake ta mana!"

Na sake ta. Ta tafi tana karkata hagu da dama, tana ihu a kira mata Mama, har ta kai bakin ƙofa ta faɗa cikin fulawowin maƙwabta. Ta tashi da ganye a gashi, ta ce a sake.